Ajin da Aka Ara wa Madam Sibdu

Sibdu Nikiyema ta shiga makaranta ne don yayanta ya fi ta iya hawa bishiya. Shekarar da hukuma ta ce kowane gida a Rasomde sai ya ba da yaro ɗaya, ubanta ya nuna babban ɗansa, shi kuwa gogan naka da jin haka ya haye kaɗanyar bayan gida ya ƙi saukowa. Aka yi lallashi, aka yi zagi, aka yi jifa, ko gezau. Da tsohon ya gaji sai ya waiga ya ga Sibdu tsaye da ƙwarya a ka tana kallo, ya ce wa ɗan aiken sarkin gari, "To, ku tafi da wannan, dama ba ta da aiki sai surutu." Yayan ya sauko da yamma ya ci tuwonsa, har yau yana nan yana noman dawa.

Ita kuwa karatu ya karɓe ta. Ta gama firamare, ta wuce koleji, ta shiga makarantar horon malamai, aka dawo da ita garinsu da sabon keke. Ranar da ta kama aiki daraktan wancan zamani ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Madalla, mun sami mace. A ba ta ƙanana." Tun daga ranar Madam Sibdu ba ta bar aji ɗaya ba. Daraktoci suka zo suka tafi, aka sauya rufin makaranta, keke ya zama babur, ta auri Noaga mai gyaran babura suka hayayyafa, furfura ta fito, tana nan dai a ajin da ke kusa da rijiya.

Duk shekara in damina ta ja baya takan tsaya a bakin ƙofa iyaye su jero mata yara. Mai takardar haihuwa ya wuce. Wanda ba shi da ita sai ta ce ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen: in ya kamo ya isa shiga, in bai kamo ba sai baɗi. Daga nan kuma sai sharar majina, da rabon faɗa, da wanke wandon wanda fitsari ya kufce masa, da koya wa yaron da bai taɓa jin Faransanci ba yadda zai nemi izinin fita. Rabin mutanen Rasomde ita ta lanƙwasa musu yatsu a kan alli. Ba ta raina aikin ba, ta kuma iya shi ƙwarai, amma ba shi take so ba.

Aji shida take so, ajin jarrabawa. Malaminsa ake kiran sunansa a ofishin sufeto ranar da sakamako ya fito, shi iyaye ke kawo wa zabi ɗaure da ƙafafu, daga cikin irinsu kuma ake zaɓen darakta. In yaro ya zama likita, a kasuwa cewa ake, "Ai ɗalibin Malam wane ne," ba mai tuna wadda ta koya masa rubuta sunansa. Babu dokar da ta hana mace riƙe ajin. Kawai dai malaman makarantar shida ne, mata uku maza uku, matan suna riƙe da ƙananan azuzuwa, mazan suna riƙe da manya, haka aka tarar, haka ake tafiya.

Ba zabin ne suka dame ta ba, ko da yake da an kawo ba za ta mayar ba. Lissafin ne ke kiranta. Ta sa Noaga ya shafa wa bayan ƙofar madafarta baƙin fenti, duk shekara in an gama jarrabawa sai ta nemo tambayoyin, tana jiran tuwo ya nuna tana warware su da guntayen allin da yara suka bari. Noaga kan leƙo ya ce, "Sibdu, ɗaliban naki na madafa sun ci kuwa bana? Na ga muciya tana ƙoƙari, ludayi ne dai daƙiƙi."

"Ka je ka wanke hannu kafin in mai da kai aji ɗaya," in ji ta.

Daraktan da ya fi daɗewa a kanta shi ne Lamusa Pare, mutumin Samo daga wajen Toma, dogo mai ƙaton tumbi da dariya kamar ana mirgina ganga. Nan fa Sibdu ta gamu da gamonta, don ita 'yar ƙabilar Mosi ce, Samo da Mosi kuwa taubasai ne tun kaka da kakanni. Zagi a tsakaninsu halal ne, fushi ne abin kunya, wanda kuma ya cuci taubashinsa an ce kakanni ba sa barinsa. Da wani darakta ne da ta yi masa magana ta tsanaki, ta kai ƙara in ta kama. Da Pare kuwa magana ba ta tsayawa a miƙe. Duk shekara ranar rabon azuzuwa takan ce, "Kai bawan ubana, bana fa aji shida nake so."

Shi kuma ya kama tumbi ya ce, "Ku ji baiwa da buri! Ke da kanki ya cika da ruwan gero, ina lissafi zai zauna? Koma wurin 'ya'yanki, ga su can sun fara kuka."

"Mai cin kare kawai. Wa ya ba Samo makaranta ma, in ba lalacewar zamani ba?"

Sai ɗakin ya ɗauki dariya, ita ma ta yi, don in ba ta yi ba ita za a zarga. Kafin dariyar ta lafa an rubuta sunan Tinga Bonkungu a aji shida, saurayin da bai kai ɗanta na fari ba, an wuce zuwa zancen tsintsiya da alli. Haka shekaru suka yi ta tafiya, har ya rage mata biyu ta yi ritaya.

A tsakiyar ta farkon cikin biyun ne ma'aikatar ilimi ta baza mutane ƙasa baki ɗaya, su auna ko ana yi wa mata da maza adalci a makarantu. Da farko Pare bai damu ba. Ɗalibai mata sun kusa kai maza yawa, makewayin 'yan mata daban yake har da ƙofa, malamai kuwa ga su rabi da rabi. Sai wani abokinsa da aka riga aka ziyarta ya tsegunta masa a kasuwa cewa waɗannan baƙi ba ƙidayar kawuna kaɗai suke yi ba. Suna tambayar wa ke shara, wa ke ɗebo ruwa, wa ake kira ya fito allo, sannan suna shiga aji aji su ga wanda ke tsaye a gaba. Ran Asabar da hantsi sai ga baburin darakta a ƙofar gidan Noaga.

Aka ba shi ruwan gero, ya shanye tas yana cewa abincin bayi ne, ya miƙa kwanon a ƙaro. Sannan ya ce, "Baiwata, na yi tunani, na ga lokaci ya yi da zan 'yanta ki. Jibi Litinin ki shiga aji shida."

Sibdu ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Har yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Baƙin nan na Wagadugu Laraba za su zo. In sun tafi sai mu gani."

"Tinga fa?"

"Zai riƙe miki ƙananan. Namiji a aji ɗaya, mace a aji shida. Wallahi sai sun ɗauke mu hoto."

Da ya tafi Noaga ya ce, "Kin dai san zanen aro ba ya rufe katara." Ta ce ta sani, ba yarinya ba ce. Ta san aro ne, ta san ƙarya za a shirya wa baƙi, ta san ran Alhamis za a karɓe. Duk da haka ta wuni ran Lahadi a bayan ƙofar madafa tana rubutu tana gogewa, miya ta ƙone ba ta ji ƙaurinta ba. Ta ciro zanen saƙinta mai ratsin baƙi da fari, wanda ba ta ɗaurawa sai biki, ta ba da aka yi masa guga.

Ran Litinin da ta shiga ajin yaran suka miƙe, wasu suna ƙunshe dariya. Babu wanda ba ta sani ba a cikinsu. Ta san wanda ya yi wata guda yana kuka, ta san bahaguwar da ta hana a doke ta, ta san wanda ya taɓa haɗiye alli. Ta dubi babban allo, wanda ya ninka nata na aji ɗaya. Daga can ƙetaren fili kuma ana jiyo kururuwar ƙananan, da muryar Tinga yana cewa su yi shiru don Allah, su kuma suna amsawa da "To, Madam," don ba su san wani suna da ake kiran mai koyarwa da shi ba.

Darasin da ta zaɓa shi ne wanda ke kayar da yara duk shekara, na tankin da famfo ke cikawa alhali yana yoyo ta ƙasa. Tinga a allo yake yinsa da layuka da haruffa. Ita kuwa sai ta aika aka ɗauko tsohon bokitin rijiya mai huji, aka girke shi bisa tebur, ta sa ɗaya yana zuba ruwa da kofi, ɗaya yana tarar abin da ke ɗiga. Dabarar aji ɗaya ce, ba ta san wata ba. Kafin a ce me, 'yan matan da ke zaune can baya, waɗanda ba a jin muryarsu tun farkon shekara, suka fara ɗaga hannu. Wa zai gaya musu halin bokiti mai yoyo, su da ke tashi da shi kullum safiya? Sai da suka faɗi amsa da baki sannan ta kai su allo suka mai da ita lambobi. An kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa. Sibdu ta koma gida ranar tana waƙa bisa babur, abin da Noaga ya ce bai taɓa gani ba tun aurensu.

Talata ta fi Litinin daɗi. Laraba kuwa baƙin suka iso cikin farar mota, maza biyu da mace ɗaya, macen ce babba. Sunanta Madam Ilbudo, siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana, ruwan gero ma kurɓa ɗaya ta yi. Mazan suka tafi duba makewayi da ƙirga ɗalibai, ita ta zauna a bencin baya na aji shida har aka gama darasi. Ta tambayi yaran wa ke koya musu, suka haɗa baki suka ce, "Madam Sibdu!" kamar yadda darakta ya biya musu. Ba su ma ɗauke shi ƙarya ba, ai ta taɓa koya musu.

Da aka tashi hutu Madam Ilbudo ta ce wa Pare ya ba su wuri. Ta ja Sibdu gindin dalbejiya, ta bar Faransanci ta koma yaren Mosi, ta kira ta Tanti, wato inna, ta ce, "Tanti, na daɗe ban ga darasi irin wannan ba. Amma zan tambaye ki, tsakanina da ke. Mun je makarantu da yawa, mun ga inda ake sauya kujeru saboda zuwanmu. Wannan ajin naki ne? In ba naki ba ne ki faɗa mini, abin da ya fito da mu ke nan."

Sibdu ta hango Pare can bakin ofis yana goge gumi da hula. Ta tuna ba a kai taubashi ƙara, ba a tona masa asiri gaban baƙo. Daga baya abin da ta riƙa faɗa wa Noaga ke nan, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba shi ne ya buɗe bakinta ba. Tun da ta fara aiki ba a taɓa samun wanda ya dube ta ya ga za ta iya zama mai aji shida ba, sai wannan yarinyar mai tabarau. Ga alli har yanzu a yatsunta, ga yaran suna leƙenta ta taga suna murmushi. Daɗi ne ya cika ta, daɗi tsagwaronsa, ba ta so a taɓa mata shi.

"Nawa ne," in ji ta.

Madam Ilbudo ta dube ta ta ce, "To, Allah ya ƙara mana irinki, Tanti." Aka ɗauki hoto gaban babban allo, aka ɗauki Tinga ma yana ɗaura wa wani yaro igiyar wando. Motar ta tafi da la'asar. Ran Alhamis Tinga ya koma ajinsa yana rantsuwar gara ya yi dako a tasha da ya sake kwana ɗaya da ƙananan nan, Sibdu kuma ta koma kusa da rijiya, ta tarar an karya mata alluna biyu an zubar da tulun ruwa.

Ba a sake jin komai ba har aka yi jarrabawa, aka kai wa Tinga zabinsa, damina ta sauka ta ɗauke. Gab da komawa makaranta sufeto ya tara malaman yankin duka, kamar yadda aka saba. Bayan dogon bayani ya ce sakamakon binciken nan ya fito, kuma ma'aikata ta yanke hukunci: duk makarantar da baƙi suka tarar babu mace ko ɗaya a manyan azuzuwa, bana dole a ba mace aji shida, ba roƙo ba ne, umarni ne. Ya shiga kiran sunayen makarantun ɗaya bayan ɗaya, daraktoci suna sunkuyar da kai. Sibdu ta kasa kunne har ya kai ƙarshe. Bai kira Rasomde ba.

"Rasomde kuwa," in ji sufeto, "ba ta bukatar umarni, ita ce abin koyi. Tun kafin a ce a yi suka yi. Ina Madam Nikiyema? Tashi a gan ki."

Sufeton sabo ne a yankin, bai san kowa ba. Waɗanda suka sani kuma suka kama bakinsu. Ta miƙe aka tafa mata, tafi mai ƙarfi, ta zauna.

Washegari ta sami Pare shi kaɗai a ofis. Wannan karon ba ta kira shi bawan ubanta ba. Ta ce, "Darakta, shekarata ta ƙarshe ke nan. Tun da har an tafa, ka ba ni ajin."

Ya daɗe yana juya biro a hannu kafin ya ce, "Sibdu, ɗaliban Tinga kusan duk sun ci jarrabawa bara. In na cire shi iyayen yara za su cinye ni ɗanye, ba ni kuma da umarnin da zan nuna musu in ce ba laifina ba ne. Sauran daraktoci suna da shi, ni ba ni da shi." Ya yi ajiyar zuciya. "Da kin ce wa yarinyar nan a'a, da yanzu dole na ba ki."

"Da na ce a'a da ka sha kunya."

"Da na sha faɗa na kwana biyu, ya wuce. Wallahi ban san haka abin zai juya ba."

Pare kuwa ba ya iya rufe zance ba da ba'a ba. Ya yi ƙoƙarin kama tumbi ya ce, "Baiwa dai baiwa ce, ko an 'yanta ta sai ta dawo gidan ubangijinta." Muryar ba ta fita yadda ya so ba. Sibdu ta ji kamar ta kifa masa teburin. Amma taubashi ne, sai ta yi 'yar dariyar da al'ada ta ce a yi, ta ɗauki kwalin allinta ta fita. A bakin ƙofar aji ɗaya iyaye sun riga sun jeru, ta ce wa yaron farko ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne.

Bayan mako biyu, wata Asabar da yamma, tana tankaɗe a tsakar gida sai ga sallama. Rasmata Kiyemde ce, malama a makarantar ƙauyen da ke gaba, wadda Sibdu ta taɓa goya ta a baya ranar da zazzaɓi ya kama ta a aji ɗaya. Makarantarsu tana cikin waɗanda aka kira, ita aka ba aji shida. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye ƙullin gyaɗa, ta ce, "Madam, na shiga uku. Ban taɓa wuce aji biyu ba, ga shi an jefa ni can, mazan suna zuba ido su ga na faɗi. Lissafin tankin nan ni kaina sai na yi da gaske. Na ce bari in zo wurin wadda ta san hanya." Ta gyara zama. "Ni ban ma san an ba ki ba sai a wurin taro. Tun yaushe kike riƙe da ajin?"

Noaga da ke wanke hannu da kananzir a gefe ya tsaya cak. Sibdu ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, ta karkaɗe rariyar.

"Daga Litinin zuwa Laraba," in ji ta.

Rasmata ta dubi Noaga, ta dubi Sibdu. Sibdu ta miƙe tana dafa gwiwa, ta tura ƙofar madafa ta juyo da baƙin gefen wajen haske, ta goge lissafin da ke kai da gefen zanenta. Ta ɗauko guntun alli daga saman katanga ta miƙa wa Rasmata, ta ce wa Noaga ya nemo musu bokiti mai huji.